Gyambon Kwanciya: Martani Ga Mai Ɗora Wa Nas Laifi Ita Kaɗai

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanan baya a kan tsofaffin da ke shiga asibitocinmu da cuta guda, su fito da gyambo a gadon baya. A taƙaice, ya ce gyambon kwanciya ba shi da wani sanadi illa lalacin ma'aikatan jinya, masu zama a tebur suna danna waya maimakon su juya marar lafiya. Maganin abin a wurinsa shi ne a hukunta duk nas ɗin da gyambo ya fito wa majiyyaci a hannunta, a yanke mata albashi ko a sallame ta. Ya kuma yi fatali da maganar cewa kula da irin wannan ciwo aikin haɗin gwiwa ne tsakanin likita da nas da mai gashin ƙashi da masanin abinci da dangi. Ya kira wannan dabarar rarraba laifi don kada a kama kowa.

Na san zafin da ya sa shi ɗaukar alƙalami. Duk wanda ya taɓa ɗaga zanen mahaifiyarsa ya ga rami a tsatsonta da dunƙulen hannu zai shige, ya shaƙi warin da ke tashi daga ciki, ba zai yi magana da sanyin rai ba. Kuma malam ya yi gaskiya a wuri guda mai nauyi: yawancin waɗannan gyambuna ana iya hana su fitowa, tsufa bai wajabta su ba. Inda muka raba hanya shi ne wanda ya nuna da yatsa da kuma maganin da ya kawo. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ina tsoron idan aka bi shawararsa tsofaffinmu ne za su biya kuɗin.

Ra'ayinsa tsoho ne, asalinsa kuma mai daraja. Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta bayyana a littafinta na 1859 cewa idan gyambo ya fito wa mai kwanciya, galibi a wajen jinyar za a nemi laifin. A cikin wancan ƙarnin dai, babban likitan jijiyoyi na Faransa, Jean-Martin Charcot, yana koyar da akasin haka a Faris: a ganinsa lalacewar jijiya ce ke haifar da gyambon, ba makawa sai ya fito, fitowarsa kuma alamar kusantowar ajali ce. Matsayin Nightingale ya fi yi wa marasa lafiya amfani, domin ya sa an tashi tsaye. A farkon shekarun 1960 wata nas a Ingila, Doreen Norton, ta nuna a ɗakunan kwanciyar tsofaffi cewa juya majiyyaci a kai a kai yana rage gyambon ƙwarai. Malam ya tsaya a nan, amma ilimi ya ci gaba da tafiya. A 1987 wasu nas-nas biyu a Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fitar da ma'aunin da ake amfani da shi a faɗin duniya don gane wanda ke cikin haɗari. Abubuwa shida yake dubawa: ko majiyyaci yana jin matsi da zafi a jikinsa, yawan damshin da fatarsa ke sha, ko yana iya sauka ya taka, ko yana iya motsawa a kan gado, abin da yake ci, da yadda jikinsa ke goguwa ko zamewa a kan shimfiɗa. Maki yana tashi daga 6 zuwa 23, ƙanƙantarsa kuma ita ce girman haɗarin. A dubi abubuwan nan shida da idon adalci. Nawa ne a hannun nas ita kaɗai? Damshi da gogayya ne suka fi kusa da ita. Sauran suna hannun likita, da mai gashin ƙashi, da ɗakin girki, da aljihun iyali.

A yadda ciwon ke samuwa ne hujjar malam ta fi rauni. Idan mutum ya kwanta, nauyinsa yana taruwa inda ƙashi ya kusanci fata: tsatso, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya. Naman da ke tsakanin ƙashi da katifa ya matsu, ƙananan hanyoyin jini su toshe, nama ya rasa abin da ke raya shi. Mai lafiya yana kare kansa ba tare da ya sani ba, ko a cikin barci yana juyi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙashin kwatangwalonsa ya karye, ko hankalinsa ya gushe, ba ya jin zafin da zai sa shi motsawa, idan ma ya ji ba shi da ƙarfin amsawa. Awanni kaɗan sun isa nama ya fara mutuwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mafi munin gyambo daga ciki yake farawa, daga naman da ke manne da ƙashi, alhali fatar sama tana nan kamar ba abin da ya same ta. Sai bayan kwana biyu ko uku wurin ya yi duhu, ya ɗuri ruwa, sannan ya ɓurme.

To, a ɗauki tsohon da ya faɗi a ƙauye ranar Lahadi. Ya kwana biyu a kan tabarma ana haɗa kuɗin mota. Aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura aka bi hanya mai gargada da shi rabin yini. Ya kwana a kan siririn gadon ɗakin gaggawa ana neman inda za a sa shi. Ranar Laraba aka kai shi ɗakin kwanciya, ranar Juma'a gyambo ya buɗe. A dokar da malam ke nema, nas ɗin da ke aiki ranar Juma'a za a kora, bayan naman ya mutu tun kafin ta san sunan mutumin. Wannan ne ya sa asibitin da ya san abin da yake yi ke duba fatar majiyyaci tun daga kai har dunduniya cikin awannin farko na shigowarsa, a rubuta abin da aka gani.

Duba fatar ma ba abu ne mai sauƙi a wurinmu ba. An raba gyambon kwanciya zuwa matakai huɗu, daga na farko inda fata ba ta fashe ba, zuwa na huɗu inda ake ganin tsoka ko ƙashi. Alamar matakin farko a yawancin littattafan da ake karantar da ɗalibanmu ita ce jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. A farar fata aka siffanta wannan. A jikin kakata ko kakar malam ba za a ga wani ja ba. Sai dai wurin ya ɗan fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, idan an taɓa a ji ya fi zafi ko ya fi sanyi, ya yi tauri ko ya yi lugub, ko kuma tsohuwar ta yamutsa fuska. Aiki ne na hannu da haske mai kyau. A ɗakin da aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, nas tana haska bayan majiyyaci da fitilar waya, wa zai ga bambancin duhu da duhu? Gyaran wannan yana wurin makarantun koyar da jinya da kuma masu sayen man janareto.

Sai maganar juyawa, wadda ita ce ginshiƙin rubutun malam. Mu yi lissafi na misali. A ce ɗaki mai gado 30, nas biyu a aikin dare, majiyyata 10 ba sa iya juya kansu. Juya babban mutum yadda ya kamata aikin mutum biyu ne, domin idan mutum ɗaya ya ja shi a kan zanen gado fatar za ta gogu, naman ciki ya zame daga ƙashi, a yi ɓarnar da ake gudu. Idan aka haɗa da share fitsari da canja zane da jera matasan kai, minti 10 ba su yi yawa ba ga kowane mutum. Idan za a juya kowa duk bayan awa biyu, minti 100 ke nan a cikin kowane minti 120. Ragowar minti 20 su ne na allura da ƙarin ruwa da awon jini da wanda numfashinsa ya sarƙe da sauran mutum 20. Wannan lissafi ba ya fita ko da nas ɗin waliyyiya ce. Kuma hannuwan suna ƙara raguwa: a farkon 2024 magatakardan hukumar rajistar nas-nas da ungozomomi ta Nijeriya ya bayyana cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka Nijeriya a jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, masu fama da matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya. A irin wannan hali ne malam ke son a ƙara korar waɗanda suka rage.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rubutun shi ne bai ambaci abinci ko sau ɗaya ba. Rami a jiki da nama ake cike shi, naman kuma daga abin da aka ci yake zuwa. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin masana wannan ciwo na Turai da Amurka da yankin Fasifik suka fitar tare sun ba da shawarar mai gyambo ya samu kimanin giram 1.2 zuwa 1.5 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Tsohuwa mai kilo 50 tana bukatar giram 60 zuwa 75 ke nan, ƙwai guda kuwa giram 6 yake ɗauke da shi ko ɗan fiye. Yanzu a leƙa kwanon da ke gefen gadon tsofaffinmu: koko da safe, shayi da burodi, ɗan tuwo da miyar kuka da ba a ci rabinsa ba. Wata ba ta da haƙoran tauna nama. Wani shanyewar jiki ta taɓa masa maƙogwaro, duk abin da aka ba shi sai ya ƙware, don haka 'ya'yansa suka koma ba shi ruwa-ruwa kaɗan kaɗan. Wasu iyalan da kansu suke rage wa tsoho ruwan sha don kada ya yawaita jiƙa shimfiɗa, fatarsa ta bushe ta yi saurin tsagewa. Ko an juya irin wannan majiyyaci kowace awa ɗaya, gyambonsa ba zai cike ba. Masanin abinci ne zai zauna da iyali ya nuna musu cewa abin da ake nema yana kasuwar unguwa: wake da alala da ƙosai, awara, kunun gyaɗa mai kauri, kindirmo, dakakken kifi a miya, garin ƙuli-ƙuli, zogale. Likita kuma ya duba ƙodar mutum kafin a ƙara masa, domin mai ciwon ƙoda lissafinsa daban ne. Idan haɗiya ta gagara, a yanke shawarar sa robar abinci ta hanci da wuri, kafin mutum ya rame ya zama ƙashi da fata.

Haka nan akwai abubuwan da nas ba ta da ikon taɓawa. Sukarin da ya hau bai sauka ba yana hana ciwo warkewa. Ƙarancin jini haka. Maganin sa barci da aka rubuta wa tsoho don ya daina hayaniya da dare yana kwantar da shi kamar gungume har safiya. Karayar kwatangwalo da aka jinkirta yi wa aiki mako biyu ana jiran iyali su sayar da gona tana ɗaure mutum a rigingine duk tsawon kwanakin nan. Gyambon da ya tara mataccen nama sai an kankare shi kafin ya fara warkewa, kuma idan ƙwayoyin cuta sun kai ƙashi, wanki kaɗai ba zai yi komai ba sai da hoto da gwaji da magani mai tsawo, wani lokaci da tiyata. Mai gashin ƙashi kuwa shi ne zai zaunar da majiyyaci a bakin gado tun kwanakin farko, ya hana gaɓoɓi ƙandarewa, ya koya masa jingina da ɓarin da ke da lafiya. Duk ranar da aka ci nasarar tayar da tsoho ya taka ko da taku biyar ne, an rage wa tsatsonsa nauyin da juyawa goma ba za su rage ba.

Malam ya ce idan aka ce aikin kowa ne, ya zama ba na kowa ba. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ban raina shi ba. Sai dai abin da ke faruwa a yawancin ɗakunan kwanciyarmu shi ne ma'aikatan ba sa zama wuri guda su yi maganar majiyyaci ɗaya. Likita ya zagaya da safe ya dubi cutar da ta kawo mutum, bai ɗaga zane ya ga baya ba. Nas ta gani ta rubuta a takardarta, wadda ba kowa ke karantawa ba. Mai gashin ƙashi sai an aika masa takarda, masanin abinci kuwa wasu iyalan har a sallame su ba su san asibitin yana da shi ba. A saman wannan ga tsohuwar takun-saƙa tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, wadda kowa ya ga girmanta a yajin aikin gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan, JOHESU, na 2018 da ya ɗauki kusan mako shida. Haɗin gwiwar da nake karewa yana da suna a kan kowane aiki: wa zai duba fata yau, wa zai auna abin da aka ci, yaushe za a tayar da majiyyaci, wa zai kira likitan fiɗa idan ciwon ya canja, kuma nas ce ke riƙe da ragamar shirin domin ita ce ke wurin dare da rana. A haka ne ma ake iya gane wanda ya yi sakaci. Cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012, ta farko irinta a Nijeriya, an kafa ta ne a kan fahimtar cewa tsoho yana zuwa da cututtuka da yawa a lokaci guda, ƙwararre ɗaya ba ya iya masa. Arewa tana bukatar irinta a kowane babban asibiti.

Akwai kuma mutumin da malam ya manta da shi baki ɗaya, wanda a ƙasarmu shi ne ya fi kowa taɓa jikin marar lafiya: mai jinya. 'Yar da ta baro 'ya'yanta ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado, ko matar ɗa, ko jika. Ita ke wanka da ciyarwa da kwashe bahaya. Amma da wuya a zaunar da ita minti 15 a koya mata komai. Don haka take yin abin da ta gada, da kyakkyawar niyya. Ta ga wuri ya yi duhu ta gasa shi da ruwan zafi ta murza da man zafi, alhali murza naman da ya riga ya raunana ƙara kashe shi yake yi. Ta shimfiɗa leda kai tsaye a ƙarƙashin Baba don kare katifa, zufa da fitsari su jiƙa fatar a zafin watan Afrilu. Ta jingine shi a zaune da matasan kai masu yawa, yana zamewa ƙasa a hankali, tsatso yana ɗaukar wahalar. Ta naɗa gammo a ƙarƙashin wurin, gefen gammon ya toshe jinin da ke zuwa. Idan ciwo ya buɗe ta fasa kafso ta barbaɗa, ta bar shi a buɗe wai ya sha iska ya bushe, bayan tun 1962 binciken George Winter ya nuna ciwon da aka rufe yana da ɗan damshi ya fi saurin haɗewa. Da an nuna mata yadda ake karkata mutum kaɗan a sa matashi a bayansa maimakon ɗora shi a kan ƙashin kwatangwalo, da yadda ake sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta rataya ba ta taɓa katifa ba, da ta yi fiye da yadda aka koya mata. Ko zumar da iyalai ke so a sa tana da gurbi: a 1988 likitan fiɗa Spencer Efem ya wallafa sakamakon amfani da ita a kan gyambuna masu taurin kai a Kalaba. Amma da sanin ma'aikaci za a yi, da zuma mai tsabta, bayan an cire mataccen nama.

Ga kuma kunya. Ɗa namiji ba zai buɗe bayan mahaifiyarsa ba, suruka ba za ta leƙa tsatson surukinta ba, tsohon kansa zai ja zane ya ce lafiyarsa lau. Kunyar nan tarbiyya ce, ba na neman a yar da ita. Sai dai dole wani ya tambayi iyali a fili, cikin ladabi: Hajiya, a cikin 'ya'yanki wa kika yarda ta riƙa duba miki baya kullum? Alhaji, wane ne a cikin samarin nan? Idan ba a yi wannan tambayar ba, warin ne zai fara sanar da mutanen gida.

Ban ce babu nas mai sakaci ba. Akwai wadda za a kira sau uku majiyyaci yana kwance cikin fitsari ta ce ba aikinta ba ne, kuma irin wannan ta cancanci hukunci, hukumar da ta ba ta lasisi tana da hanyar yin sa. Amma a dubi yadda masu son rage gyambon da gaske suka yi. Tun daga Oktoban 2008, shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka, Medicare, ya daina biyan asibitoci ƙarin kuɗin maganin gyambo mai zurfi da ya fito bayan an kwantar da mutum. Asibitin aka kama, domin shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke sayen katifa da zannuwan gado, shi ke tsara wanda zai yi me. Idan kuwa aka ce albashin nas ne zai tafi duk ranar da ta rubuta ta ga tabo a bayan majiyyaci, to an koya mata ta daina rubutawa. Matakin farko, wanda sauke nauyi daga wurin kawai kan warkar da shi cikin kwanaki, zai ɓace daga takarda, sai a gan shi ya zama rami. Haka kuma kowace nas za ta riƙa gudun gadon tsohon da ya fi kowa bukatarta.

Dokar malam ba ta bar wuri ga wanda ajalinsa ya gabato ba. Idan zuciya da ƙoda suka fara gazawa, fata ma tana gazawa, gyambo yana iya fitowa duk da an yi duk abin da ya kamata. A nan abin nema ya canja: a ba da maganin zafi kafin wankin ciwo, a kashe wari don jikoki su iya zama kusa, a daidaita juyawa da abin da jikin zai iya ɗauka. Shawara ce da likita da nas da iyali za su yanke tare, kuma nas ɗin da ke tsoron kora ba za ta yarda a sassauta juyawa ba ko da tsohon yana kuka duk lokacin da aka taɓa shi.

Wurin da ya kamata fushin malam ya sauka shi ne ranar sallama. Gyambo mai zurfi yana ɗaukar watanni, kuɗin asibiti kuwa daga aljihu yake fita, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya iyalai ne ke biya kai tsaye. Don haka ake komawa gida da ciwon a buɗe, da 'yar takardar magani, ba tare da an haɗa iyalin da ƙaramin asibitin unguwarsu ba. Ma'aikatan lafiya na matakin farko suna nan a kusan kowace mazaɓa. Takarda guda daga babban asibiti mai bayanin girman ciwon da abin da ake wanke shi da shi da alamun da za su sa a dawo da gaggawa, zazzaɓi ko ruɗewa ko mugunya mai wari, tare da lambar wayar da za a kira, ta isa ma'aikacin unguwa ya ci gaba daga inda aka tsaya. A yanzu mai kyamis na bakin titi ne ke karɓar wannan aiki, da kwalbar ruwan wankin ciwo mai kumfa wanda ke ƙone sabon naman da ke tsirowa, iyali kuma suna biyansa kullum har kuɗin ya ƙare.